Damina ta daina cika alkawari: jagorar ƙaramin manomi daga sharar gona zuwa rumbu

Manomin da ke da hekta ɗaya ko biyu ya riga kowa sanin cewa yanayi ya sauya. Shi ne ya yi shuka bayan ruwan fari, yabanya ta fito shar, sai sama ta ɗauke kwana goma sha biyar har tsiron ya langaɓe ya ƙone. Shi ne kuma wata shekarar ya ga ruwan wata guda ya sauka cikin dare biyu, ya kwashe taki da ƙasar sama ya zuba a rafi. Abin da ya rage shi ne a zauna a bi aikin shekara gaɓa-gaɓa, a ga inda asarar take shigowa da inda za a toshe ta.

Ire-iren wannan manomi su ne mafi yawa a duniya. Binciken da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa gonakin da ba su kai hekta biyu ba su ne kusan kashi 84 cikin ɗari na gonakin duniya, ƙasar da ke hannunsu ba ta wuce kashi 12 ba, amma su ke samar da kusan kashi 35 na abincin da ake ci. Akasarinsu da ruwan sama suka dogara, ba su da injin ban-ruwa, ba su da ajiyar da za ta riƙe gida in shekara ta ƙi. Shi ya sa zafin da ya ƙaru da digiri ɗaya, wanda mai babbar gona zai shanye, su yake kai su ƙasa. Wani babban nazari na 2017 ya ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da ɗumin duniya ya ƙaru yana rage amfanin masara da kimanin kashi 7 cikin ɗari, alkama kashi 6, shinkafa da waken suya kashi 3 kowanne, matuƙar ba a sauya salon noma ba. Ga shi kuwa shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi.

Iska mai zafi kuma ta fi riƙe tururin ruwa, kusan kashi 7 cikin ɗari kan kowane digiri. Ke nan ta fi saurin tsotse laimar ƙasa, in ta tashi sakin ruwan kuma sai ta sake shi da ƙarfi. Fari da ambaliya uwarsu ɗaya. Habasha da Kenya da Somaliya sun ga damina biyar a jere ta ƙi tsakanin 2020 da farkon 2023, a daidai lokacin da ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33.

Ra'ayina, wanda duk jagorar nan ta tsaya a kansa, shi ne ƙaramin manomi ya riƙa tsara gonarsa da tunanin muguwar shekara. Wanda ya shirya wa shekarar da ta ƙi zai ci a shekarar albarka ma. Wanda ya zuba duk ƙarfinsa yana fatan ruwa ya zo daidai, shekara ɗaya ta isa ta raba shi da awakinsa da irinsa. Kuma akwai jeri: a fara da riƙe ruwa a ƙasa, sannan iri, sannan taki. In an juya jerin, kuɗi ake zubarwa.

Mataki na farko: auna ruwanka, ka san gonarka

Sami gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka ɗaure shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da rufin ɗaki. Duk safiyar da aka yi ruwa ka tsoma rula ka ga zurfinsa, ka rubuta a littafi da kwanan wata, ka zubar. Milimita ɗaya a gwangwanin nan lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Ruwan milimita 30 da ya gangare ya bar gonarka, lita 300,000 ne a kowace hekta suka wuce ka. Na fi son manomi ya yi wannan lissafi da kansa sau ɗaya, don daga ranar ba zai sake kallon ruwan da ke gudu a gonarsa da ido ɗaya ba.

A littafin ka rubuta ranar ruwan shuka, ranar ruwan ƙarshe, da kowane tsaiko da ya wuce mako. Bayan shekara uku za ka san tsawon daminarka ta yanzu, wadda mai yiwuwa ta bambanta da wadda ka gada a baki. Haɗa wannan da hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasarka ke fitarwa ta rediyo ko waya ko bakin malamin gona. Hasashe ba wahayi ba ne. In an ce akwai yiwuwar ƙarancin ruwa, ana nufin alamu sun fi karkata can, don haka sai ka karkata shirinka kai ma, ba tare da ka jingina duk gonar a kai ba.

Sannan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka fita ka zaga gonar tun ƙasa tana jiƙe. Duba inda ruwa ke shigowa, inda yake gudu, inda yake kwanciya, da inda ƙasa ta yi fako ba ta sha. Kafa tsinke a wuraren. Aikin rani a kan waɗannan alamu za a yi shi.

Mataki na biyu: aikin rani, wato tarbar ruwa tun bai zo ba

Nan ne ƙashin bayan komai, kuma nan ne aka fi yin sakaci, domin aiki ne mai nauyi a lokacin zafi, ladarsa kuma sai bayan watanni.

In gonarka gangare ce, kunyoyi su gitta gangaren. Kunyar da ta bi gangare magudana ce ka haƙa da hannunka. Don gano layin da ya daidaita, haɗa sanduna uku kamar ƙafafun mutum da ya buɗe su da sanda a tsakiya, ka rataya dutse da igiya daga sama, ka yi alama inda igiyar ke tsayawa a ƙasa mai baje. Da wannan za ka bi gonar kana kafa tsinke. A kan layin sai ka jera duwatsu in akwai, ko ka dasa ciyawa mai saiwa da yawa. Jerin dutse yana rage wa ruwa gudu, ya ba shi lokacin nutsewa, ƙasar da ya ɗauko kuma ta kwanta a bayan jerin.

In kana huɗa, ka riƙa datse kwarin kunya da ɗan tudun ƙasa duk bayan taku biyu ko uku, tudun ya gaza kunyar tsawo. Kwarin sai ya zama jerin ƙananan tafkuna. Dalilin rage tsawon shi ne in ruwa ya yi yawa ya tsallake datsin ya bi kwari, kada ya fasa kunya.

Ga fako kuwa, ƙasar da ta daskare har fartanya ke tsalle a kanta, maganinta ramukan zai, waɗanda a Nijar ake kira tassa. Rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 10 zuwa 15, tazarar kusan taku ɗaya tsakaninsu. Ƙasar da ka haƙo ka tara ta ta gefen gangare kamar jinjirin wata, don ta tare ruwa. Zuba cikin hannu ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen takin dabbobi, ka ɗan rufe da ƙasa, ka bari. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa da ƙananan hanyoyi, ruwan fari ya bi su ya sauka can ƙasa inda rana ba ta kai masa. Yacouba Sawadogo, manomi daga yankin Yatenga na Burkina Faso, shi ya inganta wannan tsohuwar dabara tun wajen 1980 ta hanyar faɗaɗa ramin da zuba taki, har ya mai da fako daji, aka karrama shi da lambar yabo ta duniya a 2018. Sai dai a sani: hekta guda tana cin ɗaruruwan sa'o'in aiki. Kada ka ce za ka gama a rani ɗaya. Ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu bana, ko ku haɗa ƙarfi da maƙwabta ku riƙa zagayawa. Kuma zai bai dace da jigawa ba, ramin rushewa yake, bai kuma dace da wurin da ruwa ke yawa ba, shukar nutsewa take.

In matsalarka kwanciyar ruwa ce a ƙasa mai laka, sai ka juya lissafin: ɗaga kunya, buɗe magudana tun rani, ka san inda za ta zubar ba tare da ta cuci gonar maƙwabci ba. Masara ƙarama ba ta jure kwanaki kaɗan a cikin ruwa.

Kada ka ƙone kara. Na san dabbobi na bukatarsa, girki ma na bukatarsa, kuma duk mai ba da shawarar a bar kara duka a gona bai taɓa ciyar da tumaki a bazara ba. Amma ko kashi ɗaya cikin uku ka bari a shimfiɗe. Ka ɗaga karan da tsakar rana ka sa tafin hannu a ƙasan, sannan ka taɓa ƙasar da ke fili kusa da shi. Ɗaya da sanyi da ɗan danshi, ɗayar tana ƙuna. Bambancin nan shi ne kwanakin da yabanya za ta ƙara jurewa in ruwa ya ɗauke.

Sai bishiyoyi. Ba sai ka sayi dashe ba, domin yawancin gonaki cike suke da kututturan da ke tohowa kowace shekara ana sassabe su. Zaɓi kututturen itacen da kake so, ka bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran, ka rage ƙananan rassan gefe har rabin tsawo, da wuƙa mai kaifi kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Saiwar ta riga ta yi nisa, don haka girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, wani masanin gona ɗan Ostireliya, da manoman yankin Maraɗi suka soma yaɗawa a 1983, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Yanzu ana yinsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Gawo ya fi kowa dacewa, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma taki ne. Itace yana karya iskar da ke binne yabanya da rairayi, yana rage zafin ƙasa, ga makamashi da abincin dabbobi.

Mataki na uku: iri

Don zaɓen iri ya yi ma'ana, sai an san lokacin da zafi da ƙishi suka fi yi wa shuka illa, wato lokacin fure. A masara, daga mako biyu kafin ta fid da gemu zuwa mako biyu bayan haka. In ƙishi ya kama ta a nan, bunnin sama yana zubar da garinsa a kan lokaci, gemun kuma ya makara, sai su saɓa. Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya ce. Shi ya sa kake ɓare goyo ka ga ƙwayoyi jefi-jefi kamar bakin mai giɓi, alhali karan ya yi tsawo ya yi kyau. Nazarin da aka yi a 2011 kan gwaje-gwajen masara sama da 20,000 a Afirka ya nuna cewa duk yinin da zafi ya haura digiri 30 da digiri ɗaya yana rage amfani da kashi 1 cikin ɗari ko da ruwa ya wadata, in kuwa ana fari asarar takan kai kashi 1.7. Shinkafa ma in zafi ya wuce digiri 35 tana fure, sai zangarniya ta fito ba ƙwaya a ciki.

Saboda haka ɗauko littafinka. In daminar da za ka iya dogara da ita kwana 100 ce, irin da ke nuna a kwana 120 caca ne. Nemi mai kwana 85 zuwa 95 ya zama shi ne babban kaso, mai dogon zango kuma ka ba shi wurin da ya fi riƙe laima. Akwai irin masara masu jure fari da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, CIMMYT da IITA, suka fitar tare da cibiyoyin bincike na ƙasashe. A wuraren da ambaliya ke shanye shinkafa akwai irin da ke jure nutsewa har kusan mako biyu, kamar Swarna-Sub1 da aka saki a Indiya a 2009. Tambayi malamin gona wanne aka gwada a yankinku, ka saya a hannun dillalin da ke da rajista, a buhu mai hatimi.

Ban yarda manomi ya watsar da irin gado ba. Sau da yawa shi ya fi sanin ƙasar. Sabon iri ka ba shi kunya goma bana, kusa da tsohon, taki ɗaya, noma ɗaya, ka auna da kaka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka tuna kuma irin aure, wanda ake kira haibirid, ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa, amfanin raguwa yake.

Wani lokaci ba nau'in iri ne ya kamata a sauya ba, amfanin gonar ne kansa. Inda masara ta ƙi sau biyu cikin shekara biyar, a ba dawa da gero da wake wuri mai yawa, don sun fi ta jure ƙishi. Rogo ma yana jira a ƙasa har a bukace shi. Haɗa hatsi da wake ko gyaɗa a gona ɗaya, layi biyu-biyu ko yadda ya dace da kai. Ba lokaci ɗaya suke fure ba, don haka tsaikon ruwa guda ba ya kashe su tare, ga shi wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana rufe ta, yana kuma taimakawa wajen rage wuta-wuta a gonar hatsi.

Mako biyu kafin shuka, ƙirga ƙwaya ɗari ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako ka ƙirga waɗanda suka tsira. In sun kai 85, madalla. In ba su kai 70 ba, nemi wani irin. Kuma ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na irinka, zai fi kyau mai saurin nuna, don sake shuka.

Mataki na huɗu: ranar shuka

Ruwan fari yana da yaudara, kuma yaudarar ta ƙaru. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna aiki da ita a yankunan da ruwa ke ƙaranci ita ce a sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada a yi tsaikon da ya wuce mako ɗaya cikin wata guda da ya biyo baya. Rabin farko gwangwaninka zai gaya maka. Rabi na biyu ba wanda ya san shi tabbas, amma hasashen kwana goma da tarihin da ke littafinka za su ba ka haske. Bayan ruwan, haƙa rami da hannu. In laima ta sauka tsawon tafin hannu da yatsu, ƙasar kuma ta dunƙule in ka matse ta, ana iya shuka. In ka haƙa kaɗan ka tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashi, haƙura.

Raba shukar kashi biyu ko uku, da tazarar kwana bakwai zuwa goma. Kashi ɗaya zai dace da ruwa ko da wani ya saɓa. Iyakar wannan dabara ita ce tsawon damina: kada kashin ƙarshe ya wuce ranar da irin zai iya nuna kafin ruwa ya janye.

Jiƙa iri kafin shuka yana sa ya tsira da wuri kuma bai ɗaya. Dawa da gero kamar sa'a 8 zuwa 10, masara 12 zuwa 18. A tsame, a shanya a inuwa har jikinsa ya bushe, a shuka a ranar, kuma a ƙasa mai laima kaɗai. Wanda zai yi binne kada ya jiƙa. Irin da kamfani ya shafa wa magani ma a bar shi yadda yake.

In shekarar ta nuna alamar ƙarancin ruwa, yi cira da wuri, ka rage yawan tsiro a rami. Noman firi kuma kada ya wuce mako biyu zuwa uku bayan tsiro, domin ciyawa da yabanya tulu ɗaya suke sha.

Mataki na biyar: taki kaɗan, a inda ya dace

Takin zamani da aka watsa a busasshiyar ƙasa mai zafi, musamman yuriya, iska ce ke cin rabonsa. Wanda aka zuba gab da ruwa mai ƙarfi kuma rafi ne ke ci. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta gwada wata hanya da ta dace da mai ƙaramin ƙarfi: giram 2 zuwa 6 a kowane rami, gwargwadon nau'in takin, wato daga tsunkulin yatsu uku zuwa cikin murfin kwalba, a gefe kaɗan da iri don kada ya ƙone shi, a rufe da ƙasa. Saiwa takan yi ƙarfi da wuri ta bi laima ƙasa. Yuriya kuwa a raba ta biyu, a binne a ƙasa mai danshi. In damina ta lalace a tsakiya, ka riƙe kashi na biyu, ka tsira da kuɗinka. Duk wannan ba ya maye gurbin takin dabbobi da ruɓaɓɓen juji, su ne ke sa ƙasa ta riƙe ruwa. Tara su a rami a inuwa, kana ɗan jiƙawa kana juyawa.

Mai noman shinkafa na ban-ruwa yana iya rage ruwan da shinkafar ke sha da kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba. A kafa bututu mai huji-huji a fadamar, a bar ruwa ya janye har ya sauka santimita 15 ƙarƙashin ƙasa a cikin bututun, sannan a sake cikawa. Lokacin fure ne kawai ba a bari ruwa ya janye.

Mataki na shida: zagayen gona

Ɗumi yana gaggauta hayayyafar ƙwari da yawa, shukar da ƙishi ya galabaitar kuma ba ta da ƙarfin kare kanta. Tsutsar nan mai cin masara da ta fito daga nahiyar Amurka an fara ganinta a Afirka a 2016, ta isa Indiya a 2018, kuma ta zauna. Sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe, ratsa gonar a karkace, ka tsaya wuri biyar, ka duba tsiro goma a kowane wuri. Leƙa cikin ƙoƙon ganye. Alamarta ganye mai tabo fari-fari kamar an kankare, da kashi kamar garin katako. Tarin ƙwai a bayan ganye ka murƙushe da yatsa. A masara ƙarama, in tsiro ɗaya cikin biyar ya kamu, lokacin ɗaukar mataki ya yi. In feshi za ka yi, yi shi da yamma ko sassafe, ka saita cikin ƙoƙon, tun tsutsar tana ƙarama, ka rufe jiki da hanci, kuma kada ka nace wa magani iri ɗaya har ta saba da shi. Feshin da aka yi ba tare da dubawa ba yana kashe tururuwa da zanzaro da sauran masu cin tsutsar kyauta.

Ka kula da jikinka kai ma. Aikin tsakar rana a irin zafin yanzu yana kayar da mutum, yana kuma taɓa ƙoda a hankali. Mai da aiki mai nauyi safe da yamma, ka riƙa shan ruwa tun ƙishi bai kama ka ba.

Mataki na bakwai: kaka da ajiya

Abin takaici ne mutum ya tsallake fari da tsutsa, sannan ya yi asara a rumbu. Ruwan da ke zarcewa cikin kaka yana jiƙa amfanin da aka shanya. Masara da gyaɗar da suka sha zafi da ƙishi a gona kuma sun fi saurin kamuwa da fumfunar da ke haifar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, ba ta da ɗanɗano, dafuwa kuma ba ta kashe ta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Girbe da zarar amfani ya nuna. Shanya a kan tamfol ko dandamali, kada ya taɓa ƙasa, ka tsince duk wanda ya canza launi ko ƙwari suka huda, kada kuma ka ba dabbobi shi. Don gane bushewa, sami busasshiyar kwalba, zuba hatsi kashi ɗaya cikin uku, ƙara cokali biyu na gishirin da ka shanya ya bushe ƙarau, rufe, girgiza minti ɗaya, ka ajiye minti goma sha biyar. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a mayar rana. In ya zube ƙasa fes, ana iya ajiya.

Buhun da ba ya shan iska, irin PICS mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, don iskar ciki ƙarewa take su mutu. Duba ledojin ciki kada a sami huji, matse iska, ɗaure kowane ruɓi daban, ɗora a kan katako nesa da bango da ɓera. Durom mai murfi da ke rufuwa ruf ma yana yin aikin. Na ci yau da gobe a ware shi daban, don kada a riƙa buɗe na ajiya.

Batun kuɗi da abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya

Kada ka ci bashin da sai shekara ta yi kyau sosai za ka iya biya. 'Yan awaki ko kaji, ɗan lambun rani inda ruwa ya samu, ko wata sana'ar hannu, su ne ke hana a sayar da iri a ci. Ƙungiyar manoma tana sauƙaƙa sayen iri da taki a dunƙule, da ajiye amfani har kasuwa ta gyaru. A tabbata mata suna ciki da cikakkiyar murya, domin suna yin kaso mai yawa na aikin gona a ƙasashe masu tasowa, su ne kuma aka fi bari a baya wajen samun fili da bashi da labarin yanayi. In an kawo muku inshorar da ke biya bisa ma'aunin ruwan sama, tambayi inda ake aunawa da adadin da zai sa a biya, domin yana yiwuwa gonarka ta ƙone alhali ma'aunin ya nuna ruwa ya wadata.

Yana mini ciwo cewa mutanen da ba su da hannu sosai a hayaƙin da ya ɗumama duniya su ne ke biyan kuɗinsa da guminsu. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin man fetur da kwal na duniya ba, kuma rahoton da IFAD, asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fitar a 2020 ya nuna ƙananan manoma kashi 1.7 cikin ɗari kacal suke samu na kuɗin da ake warewa don sauyin yanayi. Madatsun ruwa, hanyoyi, tashoshin auna yanayi da isassun malaman gona aikin hukuma ne, kuma haƙƙin manoma ne su nema da murya ɗaya ta ƙungiyoyinsu.

Bayan an gama sussuka, kafin a manta, buɗe littafin nan. Rubuta buhu nawa kowane ɓangaren gona ya bayar, wane iri, ranar da aka shuka shi, da tsaikon ruwan da ya same shi yana fure. Kwatanta kunyoyi goma na gwaji da na kusa da su. Sannan ka koma gonar tun ƙasa ba ta gama daskarewa ba, ka nemo tsinkayen da ka kafa ranar ruwa mai ƙarfi, ka zaɓi ɓangaren da za a fara haƙa a ranin bana.